Katakon Gwaggo Tilli

Duk wanda ya taɓa cin burodi a ƙauyenmu Renzweiler ya ci albarkacin Gwaggo Tilli, ya sani ko bai sani ba. Sunanta na takarda Ottilie Rapp, yayar mahaifina ce, kuma shekara talatin da huɗu mabuɗin gidan tanderun gari yana hannunta. Gajeriya ce kakkaura, mai damatsa irin na maƙeri. Muryarta kuwa, in ta ce "Wa ya bar tokar nan?" daga kan gada za ka ji. Tun tana da shekara goma sha biyar take aiki a masaƙar da ke gindin tudu har aka rufe ta. Ta auri Eugen mai gyaran hanya, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu ya bar ta da kyanwa biyu da bishiyar tuffa. Ban taɓa jin ta ce rayuwa ta cuce ta ba. In ka tambaye ta lafiya, sai ta ce, "Ina da itace, ina da gari, me kuma?"

Kowace Laraba, da an kaɗa ƙararrawar tsakar rana, mata sukan taru a gidan tanderu a ja ƙuri'a. Kowane gida yana da ɗan katakonsa a cikin jaka, wanda ya fara fitowa shi zai fara gashi ranar Juma'a. Ba mai son farko, don tanderun a sanyaye yake, sai ka ƙona itace ninki biyu kafin ya ɗau zafi. Matar mai shanu arba'in takan ja farko ta yi ta gunaguni, Gwaggo ta ce mata, "Yi haƙuri, uwar ɗakina, jaka ba ta san mai shanu ba."

Tana da shekara sittin da ɗaya tsohon fastonmu ya yi ritaya. Muna jiran sabo, sai ga takarda daga manyan ikilisiya a birni. Wai mun yi kaɗan, an haɗa mu da ƙauyuka huɗu, fasto zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Sauran Lahadi uku a kulle majami'a, mai so ya hau mota ya tafi gari. Kai, ranar Larabar nan ba wadda ta tuna da burodi! Tsofaffi rabinsu ba mota, ga dusar ƙanƙara tana rufe hanya wata uku.

Gwaggo ta buga ludayin katako a kan tebur. "Duwatsun majami'ar nan kakanninmu suka jawo su da shanu daga kan tudu. Yaushe aka ce sai fasto mai baƙar riga ya zo sannan Allah zai buɗe kunne?"

"To wa zai tsaya a gaba?" in ji wata. Nan take kowa ya ce Malam Epple, tsohon malamin makarantarmu, mutum mai ladabi da iya magana.

"A'a," in ji Gwaggo. "Mu cire baƙar riga mu sa wata? Ran da mura ta kama Malam fa, sai mu kulle? Yadda muke gashi haka za mu yi sujada."

Ta ɗinka jaka ta biyu da shuɗin yadi. Mutum ashirin da tara suka yarda, maza da mata, aka ƙona wa kowa harufan sunansa a ɗan katako. Doka ba ta da yawa. Ranar Laraba, bayan ƙuri'ar burodi, wanda ya tsaya a makon jiya shi zai sa hannu ya zaro ɗaya. Wanda ya fito zai karanta nassin ranar Lahadi, ya faɗi abin da ya fahimta, kada ya wuce lokacin dafa dankali. Ba hawa mumbari, ba baftisma, ba Jibin Ubangiji, waɗannan a jira fasto. In an gama a mayar da katako jaka, a rataye ta a ƙusa a bayan ƙofar gidan tanderu.

Mutum ɗaya ya tada jijiyar wuya, Gottlob Schaible. Dattijon ikilisiya ne, ya fi kowa shanu, bencin gidansu shi ne na gaba tun zamanin kakansa. Sa'an Gwaggo ne, aji ɗaya suka yi, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin sun gaisa ba tare da baƙar magana ba.

"Caca a ɗakin Allah!" in ji shi. "Ke Tilli, hayaƙi ya gama da ƙwaƙwalwarki."

"Naka kan kashin shanu ya gama da shi. In tsoro kake ji ka faɗa, ba mai tilasta ka."

Don kada a ce ya ji tsoro ya sa katakonsa, shi ne cikon ashirin da taran. A hunturun farko sau uku ya fito. Abin dariya, mutumin ya ɗanɗana ya ji daɗi, har sai Gwaggo ta riƙa ɗaga masa hannu daga baya tana cewa, "Dankali ya ƙone, Gottlob!"

Mun ji abubuwa a shekarun nan da ba mu taɓa ji daga mumbari ba. Mai kawo mana wasiƙu ya yi magana a kan jiran labarin da ba ya zuwa, tsofaffin da mazansu ba su dawo daga yaƙi ba suka yi ta share hawaye. Wata mai tatsar shanun Gottlob, baƙuwa daga gabas wadda shekara goma ba wanda ya san muryarta, ta tsaya ta karanta da gurguwar magana, daga ranar mutane suka fara kiran ta da sunanta. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, shirme suka yi. Ni kaina na taɓa karanta babin da ba shi ba ne, har ƙarshe, ba wanda ya ce uffan.

Labari ya bazu. Ƙauyukan da aka kulle wa majami'u suka riƙa aiko mutane su gani. Aka sa mana suna 'yan jaka, da farko don ba'a, daga baya muka karɓe sunan. Aka fara taruwa a gari, ana rubuta wa manya takardu cewa a bar wa jama'a mabuɗan majami'unsu, a kuma riƙa tambayar su kafin a yanke musu hukunci. Jaka goma sha ɗaya Gwaggo ta ɗinka wa wasu ƙauyuka. Takan je taron da kwandon burodi, amma in aka ce ta fito ta yi jawabi, sai ta tura ni da gwiwar hannu. "Je ki, Gudrun, ke kika yi boko."

Shekara uku ana haka, katakonta bai fito ba ko sau ɗaya. Ana tsokanar ta, tana cewa, "Jaka ta san ina da aiki."

Sai ga wata takarda, wannan karon daga babban fasto na yankinmu. An kai masa ƙara cewa jahilai suna wa'azi ba izini. Zai zo da kansa ranar Lahadi ta biyu a watan Oktoba ya gani da idonsa. In abin bai yi masa ba, za a karɓe mabuɗi, a koma kulle majami'a Lahadi uku a wata.

Bayan sujada muka tsaya a bakin ƙofa ana shawara. Gottlob ya yi gyaran murya. "Magana ɗaya ce. Makon nan a ajiye jaka, Malam Epple ya sake tsayawa. Baƙon ya ji wa'azi mai kan gado ya tafi."

Jama'a suka gyaɗa kai. Gwaggo ta yi tsalle ta dire. "Maguɗi? Mu nuna masa abin da ba shi muke yi ba? To gara ya kulle! Jaka ba ta ƙarya, kuma ba za mu koya mata ba."

"Au," in ji Gottlob, a hankali. "Ashe ke ce za ki yi mana wa'azin maguɗi?" Sai ya sauke ido a kan aljihun rigarta.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Matar da ba a taɓa rufe wa baki ba ta juya ta kama hanyar gida. Na bi ta. Ta zuba mana kofi, ta zauna, ta sa hannu a aljihu ta ajiye ɗan katako a kan tebur. Fari tas, kamar jiya aka sassaƙa shi, ga harufan sunanta.

"Gwaggo! Shekara uku?"

"Tun ranar farko. Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ranar da za a tabbatar da su cikakkun 'yan ikilisiya, suna 'yan shekara goma sha huɗu, aka jera su gaban jama'a ana yi musu tambayoyin bangaskiya, kowa ya amsa da ka. Wata shida tana hadda, tana iya faɗa ko cikin barci. Da fasto ya zo kanta, sai komai ya gudu. Ta buɗe baki ba abin da ya fito. Fasto ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can wani yaro a layin maza ya tuntsire da dariya, majami'a ta ɗauka. Mahaifinta ya tashi ya fita, mako guda bai yi mata magana ba.

"Gottlob ne?"

"Wa kuma? A gidan tanderu ina iya ƙure kowa. Amma a wurin nan, gaban bagaden majami'a, in na tsaya komai guduwa yake. Na san majami'a tana buƙatar bakin kowa, na yarda da haka har zuciyata. Nawa ne kawai na ce a ɗaga mini." Ta juya katakon da yatsa. "Yanzu kuwa ba zan tsaya gaban baƙo in ce jaka ba ta ƙarya ba, alhali ƙaryar tana aljihuna. Gobe zan sa shi. Ɗaya cikin ashirin da tara ne, ai Allah ba zai tona ni a makon nan ba."

Ta ba ni tausayi ƙwarai, na kuma ji girmanta ya ƙaru a idona. Amma kada ku ɗauka ni wata ta kirki ce. Ranar Talata da safe na tuna babin da na karanta bisa kuskure, na ce idan ni na fito aka kulle majami'a saboda ni, ina zan sa kaina? Kowa ya san Gwaggo tana barin mabuɗin gidan tanderu a ƙarƙashin tukunyar fure da rana. Na shiga, na lalubo katakona na jefa a jakar hannuna. Na ji jakar ba nauyi, amma sauri nake, ban tsaya tunani ba.

Laraba gidan tanderu ya cika maƙil, har mazan da ba sa zuwa. Malam Epple ne ya tsaya makon jiya, don haka shi zai zaro. Ya sa hannu. Ya laluba dama, ya laluba hagu, fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau ya leƙa ciki. Daga nan ya kife jakar a kan tebur ya kakkaɓe. Katako ɗaya ne ya faɗo, fari tas.

Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Mu ashirin da takwas, kowa ya lallaɓa shi kaɗai ya cire nasa, yana tsammanin ba za a gane rashin ɗaya ba. Har Malam Epple, wanda ya ce wai maƙogwaronsa ne yake ƙaiƙayi.

Gwaggo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Matsorata! 'Ya'yan matsorata! Har da ke, Gudrun?"

"A sake ja," in ji Malam. "Kowa ya mayar da nasa."

"Ba za a sake ba. Jaka ta faɗi." Ta ɗauki katakon. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ku ba ni hanya, ina da kwaɓi."

Na saci kallon Gottlob. Na ɗauka zai yi dariya, amma bai yi ba.

Kwana huɗu tana karanta wa kyanwoyi da bishiyar tuffa. Ranar Juma'a, a karon farko a tarihi, burodinta ya ƙone. Na ce in rubuta mata abin da za ta faɗa, ta ce in na sake kawo maganar za ta jefe ni da ludayi.

Lahadi ta zo. Babban fasto dogo ne siriri, bai kai yadda muka zata tsufa ba, yana riƙe da ɗan littafin rubutu. Aka zaunar da shi a bencin gaba kusa da Gottlob. Muka yi waƙa, muka yi addu'a. Gwaggo ta fito cikin baƙar rigarta ta jana'iza, ta tsaya gefen ɗan teburin da muke ajiye Littafi. Ta karanta tana bin layi da yatsa, a hankali, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na sauke ajiyar zuciya. Ta rufe Littafi, ta ɗago kai ta ga idanu.

Shi ke nan. Baki ya buɗe, magana ta ƙi.

Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya fi shekara. Ina jin agogon bango. Wuyanta ya yi ja, ta kama gefen tebur. Baƙo ya buɗe ɗan littafinsa ya zare alƙalami, na ce a raina mabuɗi ya tafi.

Sai benci ya yi ƙara. Gottlob ya miƙe, ya tako da takalmansa masu nauyi har gabanta, ya sa hannu a aljihu ya ajiye katakonsa a kan tebur, ƙwas.

"Tilli," in ji shi, yadda kowa zai ji, "ni na fara yi miki dariya ran nan. Shekara hamsin ina sane. Ga nawa, tsoro ya sa na cire shi, ke kuwa kika sa naki. Ki yi shirunki har gobe in kin ga dama, muna nan zaune."

Malam Epple ya tashi ya ajiye nasa. Mai wasiƙu ya bi. Na buɗe jakar hannuna ina kuka kamar yarinya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ashirin da takwas, muka yi cincirindo a gaban bagade ba wanda ya san abin da zai yi kuma.

"To ku koma ku zauna mana, kun tare mini haske!"

Muryar gidan tanderu ce, wadda ake ji daga kan gada. Muka watse da sauri. Ta ce ita ba malama ba ce, kuma shekara uku tana ɓoye katakonta, wanda bai sani ba yanzu ya sani. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Mun sani tuntuni, ci gaba!" Ta ce abin da ta gane a karatun yau shi ne abin da take gani kowace Juma'a. Mai gashin farko ita take shan wahalar tanderu mai sanyi, ta ƙona itacenta, ta sha hayaƙi, na bayanta su zo su tarar da zafi. Ta ce shekara uku tana gasa burodinta da zafin da wasu suka hura, ta gode, kuma ta ji kunya. Ta ce in an kulle ɗakin nan Lahadi uku, ta huɗun za a tarar da shi a sanyaye. "Iyakar abin da na sani ke nan. Amin." Ko ƙwai ba zai dahu ba a lokacin, balle dankali.

Bayan an tashi muka kai baƙo gidan tanderu, aka sa masa wainar albasa da ruwan tuffa. Ya tambayi ma'anar katakan da aka tara. Gottlob ya fara kwana-kwana, Gwaggo ta katse shi ta zayyana komai, har da tukunyar fure. Mutumin ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ranar wa'azinsa na farko sau biyu ya yi amai a bayan majami'a. Ya ci waina yanka uku, bai ce mana e ko a'a ba, ya shiga mota.

Bayan mako uku takarda ta iso. An yarda mu ci gaba na shekara ɗaya a matsayin gwaji, da sharaɗin mutum biyu su je gari a koya musu tsarin sujada. Muka tura Malam Epple da mai tatsar shanu. Shekarar ta ƙare aka sabunta, aka sake sabuntawa, har yau gwajin muke yi. Mabuɗin majami'a yana nan a hannunmu, kuma wasu ƙauyukan 'yan jaka da takardarmu suka kafa hujja.

Daga ranar Gwaggo ta sake fitowa sau tara. Kullum sai ta yi ɗan shirun nan kafin magana ta zo. Mun saba, mukan jira. Katakonta ya yi duhu da maiƙon hannu kamar na kowa. Ita da Gottlob kuwa ba abin da ya canza. Yana ce mata mai hayaƙi, tana ce masa mai kashin shanu, sai dai kowace kaka yakan aiko mata da itace cike da tarakta, ya ce wai ya rasa inda zai zuba.

Ta rasu tana da shekara tamanin da uku, lokacin tsinkar tuffa, bayan jinyar kwana biyar. Mabuɗin gidan tanderu ya dawo hannuna. Da na zo cire katakonta daga jaka, Gottlob ya buga sandarsa a ƙasa. "Bar shi, 'yar nan. Shekara uku ta ci bulus, ba ta gama ramawa ba. In ya fito ni zan tsaya mata."

Bana sau biyu katakonta ya fito. Tsohon yakan taso da sanda, ya ɗau lokaci kafin ya iso, ya tsaya daidai inda take tsayawa. Ya karanta nassi, ya rufe Littafi, ya ɗago kai. Daga nan sai ya yi shiru, shiru mai tsawo irin na Gwaggo, shi da ba a taɓa iya tsayar da bakinsa ba. Ba mai tari, ba mai motsi. Mukan jira shi har ya gama.